Yadda na koyi zana manhaja ina jinyar mahaifina

A kasuwa na tashi. Tun ina firamare, in an tashi daga boko sai in wuce shagon mahaifina a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, in zauna har lokacin Islamiyya ya yi. Kayan kicin yake sayarwa, tukwane da kuloli da farantai da robobi, sari da ɗaiɗai. Aikina na farko ƙirga dozin ne. Da hannuna ya faɗa a rubutu, sai ya fara miƙo min babban littafinsa mai baƙin bango in rubuta wanda ya ɗauki kaya da abin da ya bayar. Shi da ajami yake rubutu, ni da boko, don haka a shafi guda za ka ga wani layi ya taso daga dama, wani daga hagu. Ba ya wasa da wannan littafi. Yakan tuna min cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana.

Da na gama sakandare na samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a wata kwalejin fasaha. An koya mana Java, wani harshe na rubuta wa kwamfuta umarni, na kuma iya rubuta 'yan ƙananan shirye-shirye masu lissafa maki ko albashi. Akwai wani darasi na tsara manhaja da muke haddace zane-zanensa don jarrabawa, mu zubar a takarda mu fito. A lokacin ban ga abin da ya haɗa waɗannan akwatuna da kibiyoyi da rayuwata ba.

A ƙarshen watan Maris na 2016 gobara ta tashi a kasuwar cikin dare. Dubban shaguna suka ƙone, namu na ciki. Da gari ya waye muka je, ko kusa da layinmu ba a iya zuwa saboda zafi da hayaƙin roba. Baba bai yi kuka ba. Salati kawai yake yi, yana yi wa maƙwabtansa jaje kamar shi abin bai shafe shi ba.

Wanda bai zauna cikin 'yan kasuwa ba, zai ɗauka kaya ne babbar asarar. Asara ce babba, amma wadda ta fi ta ciwo ita ce littafin. Waɗanda suke bin Baba kuɗi, masu kamfanonin roba da manyan diloli, littattafansu na nan lafiya a ofisoshinsu, sun san ko kobo nawa ne. Waɗanda Baba yake bi kuwa, 'yan koli masu bin kasuwannin ƙauye, da 'yan sari daga Maraɗi da Damagaram, da iyaye mata masu tara wa 'ya'yansu kayan ɗaki suna biya kaɗan-kaɗan, lissafinsu wuri biyu kaɗai yake: a littafin da ya zama toka, da kuma a kan Baba. Ba a daɗe ba kuwa hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye. Yana jin duk abin da aka faɗa, yana ganewa, amma in ya zo faɗin suna ko adadi sai kalmar ta maƙale, ko wata daban ta fito.

Ni ne ɗan fari. Babu wanda ya ce min in bar makaranta, Umma ma cewa ta yi in koma, Allah zai rufa asiri. Amma na san wanda zai ɗaga shi, ya juya shi, ya kai shi gashin ƙashi, ya tsaya a gaban masu bin bashi. Na rubuta takardar jingine karatu na miƙa. Ranar da na dawo daga miƙa ta ban iya cin abinci ba. Daga baya in na buɗe Facebook na ga 'yan ajinmu suna hotuna a bakin ɗakin jarrabawa, sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji, in rufe wayar in yi istigfari. Ba hassada nake musu ba. Tsoro nake ji kada rayuwata ta tsaya a nan.

Dole in faɗi alherin mutane. Da yawa sun zo da ƙafarsu ba tare da an aika musu ba. Wata dattijuwa ta kwance haɓar zaninta ta zube kuɗi a gaban Baba, ta ce ragowar na kulolin auren autarta ne, ba za ta kwana da haƙƙin mara lafiya ba. Amma wasu sukan zo da niyyar biya, su durƙusa su ce, "Alhaji, nawa ne ma ya rage?" Sai ya kalle su, leɓensa na rawa, ya juyo ya kalle ni. Wannan kallon ne ya sa na ƙudura cewa zan gina wa 'yan kasuwa littafin bashi a waya, wanda in shago ya ƙone ko wayar ta ɓata, lissafin yana nan.

Na zauna da tsohuwar kwamfutata na rubuta abin da na iya: suna, lambar waya, adadin bashi, abin da aka biya. Na kai wa wani aminin Baba da ya samu ya sake buɗe shago. Ya saurare ni da kyau, sannan ya ce, "To ɗana, dillali ya zo da safe ya ɗauki katan biyar a wurina, ya kai wa wani baƙo uku, ya dawo min da ɗaya, ɗayan kuma ya ce shi zai riƙe wa kansa. Baƙon ya ba da rabin kuɗi. A ina zan rubuta wannan? Wa nake bi?" Manhajar ba ta da wurin da za a sa wannan magana, alhali ciniki irin wannan shi ne kasuwa.

A kwanakin ne wani malaminmu ya zo duba Baba. Da zai tafi na raka shi bakin titi na ba shi labari. Ya ce, "Kasuwar za ka fara zanawa, kod, wato umarnin da za ka rubuta wa kwamfuta, daga baya yake zuwa." Bayan 'yan kwanaki ya aiko min da littattafai biyu na Turanci a kan nazari da tsara manhaja bisa abubuwa. A shekarar nan dala ta yi tashin da sabon littafi daga waje ya fi ƙarfin irina, don haka na riƙe su kamar amana. Ɗaya bugun Indiya ne mai siririyar takarda, ana hango rubutun bayan shafi. Ɗayan tsoho ne, bangonsa ya rabu.

Karatun ya yi min wuya ƙwarai. Da dare nake yi, bayan na ba Baba magani ya samu barci, da fitilar waya da ƙamus a gefe. Shafi guda sai ya cinye min dare. Abin da ya fara rikita ni shi ne littattafan biyu ba sa zane iri ɗaya. Tsohon yana zana aji, wato fasalin da abubuwa iri ɗaya suka yi tarayya a kai a cikin manhaja, kamar gajimare mai ɗigo-ɗigo, sabon kuma akwati ne mai hawa uku: suna a sama, siffofi a tsakiya, ayyuka a ƙasa. Sai da na koma gabatarwar sabon na fahimci dalili. A farkon shekarun 1990 kowane gwani da nasa salon zanen. Grady Booch da gajimarensa, James Rumbaugh da akwatunansa, Ivar Jacobson kuma ya shahara da fara tsari daga abin da mai amfani yake son yi da manhajar. Su ukun suka haɗu a kamfanin Rational a Amurka, suka dunƙule salonsu ya zama UML, wato salo guda na zana tsarin manhaja, ƙungiyar OMG mai shimfiɗa ƙa'idojin manhaja ta amince da shi a matsayin ma'auni a 1997. Tsohon littafin kafin wannan haɗuwa aka rubuta shi. Sanin haka ya kwantar min da hankali, domin na ga cewa manyan ma sun yi shekaru suna saɓani a kan yadda za a zana tunani ɗaya.

Shi tunanin ba mai nisa ba ne in ka kama shi. Tun shekarun 1960 wasu masana biyu a Nowe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka ƙirƙiro harshen Simula don kwaikwayon yadda al'amura ke gudana a zahiri. Maimakon ka rubuta wa kwamfuta dogon jerin umarni, sai ka dubi harkar ka tambayi kanka: waɗanne abubuwa ne a cikinta, me kowanne ya sani, me yake iya yi, da wa yake hulɗa? Aji shi ne fasalin, abu kuma shi ne guda ɗaya da aka fitar daga wannan fasali. Matsalata ita ce misalan littattafan. Ɗakin karatu mai ba da aron littafi, na'urar cire kuɗi, sayen tikitin jirgin sama, asusun banki mai tara ruwa. Babu dillali, babu lamuni, babu "kawo abin da ya samu." Nakan gane misalin sarai, in na juyo kan shagonmu sai in rasa ta inda zan kama.

Abin da ya buɗe min hanya wani ɗan gajeren babi ne a kan wata dabara da Kent Beck da Ward Cunningham suka gabatar a 1989. Ba ta buƙatar kwamfuta ko wuta. Kati kake samu, kowane aji da katinsa, ka rubuta sunansa a sama, nauyin da ke kansa a hagu, waɗanda yake aiki da su a dama. Sai ka baza katunan ka bi labarin ciniki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kana ɗaga katin da magana ta zo kansa. Na yayyanka kwalayen magungunan Baba na juya farin cikinsu. Na rubuta Mai Saye, Kaya, Ciniki, Biya, Dillali.

Wata rana da hantsi ina baza su a kan tabarma kusa da katifarsa, ina magana ni kaɗai, sai na ga yana bin hannuna da ido. Na matso na ce, "Baba, wannan shi ne mai saye. Ga sunansa, ga garinsu, ga bashin da ake bin sa." Ya girgiza kai. Na sake karantawa a hankali, ya sake girgizawa. Ya miƙo hannun hagu, wanda shi ne mai motsi, ya ɗora yatsa a kan inda na rubuta bashi, ya ja yatsan zuwa wajen katin, ya ƙwanƙwasa tabarma. Na ɗauki sabon kati na rubuta Bashi na ajiye a wurin. Ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗaga yatsu uku, ya nuna katin Mai Saye.

Na daɗe ina kallon tabarmar. Abin da yake nufi shi ne bashi ba lamba ɗaya ba ce da ake liƙa wa mutum. Kowane bashi abu ne mai zaman kansa, da ranar da aka ƙulla shi, da kayan da suka jawo shi, da wa'adinsa, da wanda ya shaida. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar uku, ya biya na jiya ya bar na bara, domin na bara akwai magana a kansa. A daren na zana layi tsakanin akwatin Mai Saye da na Bashi, na sa 1 a wannan gefe, tauraro a wancan, alamar ɗaya zuwa da yawa da na haddace a makaranta ban san amfaninta ba. Na yi kuka a daren nan, ba don zanen ba. Tun da ya kwanta mutane suke magana a kansa yana wurin kamar ba ya nan, ni ma na fara sabawa da hakan. Ashe duk ilimin kasuwar yana nan cikinsa, hanyar fita kawai ya rasa.

Daga ranar katunan suka zama hirarmu. Ni in karanta babi da dare, da safe in kawo masa tambaya a kan tabarma. Shi ya sa na ƙara katin Mai Lamuni, wanda yake tsaya wa baƙo, domin a kasuwa ba a ba wanda ba a sani ba kaya sai wani ya ce "a wuyana." Shi ya nuna min cewa farashi ba a jikin kaya yake ba, a jikin ciniki yake, tunda kular da ka sayar wa ɗan sari da safe ba kuɗinta ɗaya da wadda ka sayar wa mai ɗaiɗai da yamma ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganar dillali ta fi ɗaukar lokaci. Littattafan sun yi dogon bayani a kan gado, wato aji ya gaji siffofin wani aji. Bisa wannan sai ka ce akwai Mutum, a ƙarƙashinsa Mai Saye da Dillali da Mai Lamuni, kowanne ya gaji suna da lambar waya. A takarda yana da kyau. Amma Baba ya tattara katunan nan uku ya ɗora su a kan juna ya danne da tafin hannu. Mutum ɗaya ne. Da safe dillali ne, da azahar ya sayi katan don kansa, gobe ya tsaya wa ƙaninsa. Can gaba a sabon littafin na tarar da gargaɗi a kan wannan: in abu yana sauya matsayi a rayuwarsa, kada ka ɗaure shi da gado, ka ware matsayin ya zama abu daban da ake jingina masa a kowane ciniki. Da na yi haka, tambayar aminin Baba ta samu amsa. Katan biyar ɗin suka rabu gida uku: uku ana bin baƙon, ɗaya ana bin dillalin, ɗaya kuma ya dawo shago.

Sai zanen sauyin hali, mai nuna matakan da abu yake bi daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Na zana wa bashi hali uku: sabo, ana biya, an gama. Baba ya nuna sama da yatsa, ya shafa tafin hannunsa a kan katin kamar mai share allo. An yafe. Na ƙara. Ya sake nuna katin Mai Saye, ya kwantar da shi rigingine, ya rufe ido. In wanda ake bi ya rasu, bashin ba ya mutuwa, daga dukiyarsa ake fitarwa kafin a raba gado. Na ƙara wannan ma. Babu littafin da ke hannuna da ya kawo waɗannan, amma littattafan ne suka ba ni hanyar da zan tambaya, da inda zan ajiye amsar. Gurbin kuɗin ruwa da ke cikin misalansu kuwa ban sa shi ba ko kaɗan.

Game da kayan aiki, sabon littafin da Rational Rose yake misali, manhajar zane ta kamfanin Rational, wanda IBM ya saye a 2003, kuma a lokacin ta kuɗi ce mai tsada. Na fara da ArgoUML wadda kyauta ce, daga baya na koma StarUML. Batirin kwamfutata ya mutu, sai an kawo wuta take tashi, don haka na saba da gama tunani a takarda, in wuta ta zo in kwafe cikin sauri. Da na gano PlantUML, inda kake rubuta 'yan layuka ita kuma ta fitar da zanen, sai abin ya zo min da sauƙi, domin ko a waya ina iya rubutawa. Zanen jerin saƙonni shi ya taimake ni a kan babbar matsalar, wato rashin sabis a cikin kasuwa: wayar ta fara ajiye ciniki a cikinta, in ta samu intanet ta tura kwafi, in an katse a tsakiya ta san inda ta tsaya kada a rubuta biya ɗaya sau biyu. Shawarata ga mai farawa ita ce kada ya ɓata watanni yana neman manhajar zane mafi kyau. UML tana da zane iri goma sha huɗu, amma huɗu ko biyar ne na ga aikina yana nema.

Da manhajar ta fara aiki, bayanan farko da na shigar na Baba ne. Muka bi mutanen da muke iya tunawa ɗaya bayan ɗaya. In ambaci suna, in rubuta adadi a takarda, shi kuma ya nuna sama ko ƙasa har mu tsaya a inda ya gamsu. Wasu sunayen in na ambata sai ya shafa tafin hannu, in sa an yafe. Ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Allah Ya karɓi abinSa bayan doguwar jinya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Bayan sadakar uku, da kawunnaina suka zauna maganar abin da ya bari, na kawo lissafin a buge a takarda: ga waɗanda suke bin sa, ga waɗanda yake bi, ga waɗanda ya yafe wa da hannunsa. Aka sayar da filinsa aka sallami masu bin sa kafin a raba sauran. Babu wanda ya ɗaga murya a zaman nan. A duk abin da na yi da kwamfuta har yau, babu wanda ya kai wannan takarda daraja a wurina.

Na koma makaranta na zauna aji ɗaya da ƙannen bayana, na gama. Yanzu ina aiki da wani ƙaramin kamfanin manhaja, kuma wasu 'yan kasuwa a layin da Baba ya zauna suna amfani da littafin bashin nan a wayoyinsu. Nakan ji matasa masu koyon kod suna cewa zamanin UML ya wuce, yanzu rubutu kawai ake yi a gyara a hanya. Akwai gaskiya a ciki, domin ba na ganin amfanin tara zane ɗari da babu mai dubawa. Amma na ga abin da ke faruwa in aka gina manhaja ba a zauna da masu harkar ba: allonta ya yi kyau, ɗan kasuwa ya gwada sau ɗaya ya koma wa littafinsa. Duk wanda ya zo wurina koyo, kafin ya taɓa kwamfuta nakan ba shi kati in tura shi wurin mai shago ko mai kemis ko mai gidan burodi, ya zauna ya saurara.

A yanzu adashe nake tsarawa, tare da wasu mata masu sana'a a unguwarmu, Umma ce ta haɗa ni da uwar adashensu. Mun gama da zubi da kwasa da musayar layi in wata ta matsu. Inda muka tsaya shi ne abin da za a yi in mace ta kwashe sannan ta kasa ci gaba da zubi. Ƙungiyoyi biyu da na zauna da su kowacce da yadda take warware wannan, don haka sai na ji ta bakin ta uku kafin in ja layin.